Lemun tsami da zafin bazara: abin sha da kayan zaƙi da za ku iya haɗawa a gida

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba ajiye muku.

Yau hirar kicin za mu yi. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan sama ya sauka, duk wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san halin da ake ciki. Zafi na haura digiri 40, fanka na huro iska kamar daga bakin murhu, maƙogwaro kuwa ba ya daina neman abu mai sanyi. A irin wannan lokacin kuɗin mutane da yawa a lemon kwalba yake ƙarewa. To ni yau ɗan ƙaramin abin nan da ke gefen tiren mai kayan miya na kawo muku, wato lemun tsami.

Ku lura da wani abu. Duk abin sha mai zaƙi, na kwalba ne ko na roba, mu lemo muke ce masa, ko da kuwa babu ɗigon lemo a cikinsa. Sunan daga wannan ɗan itacen ya fito, kalmar kuma daga Larabci muka aro ta. Asalin bishiyar daga kudu maso gabashin Asiya take, fatake Larabawa suka yaɗa ta zuwa Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, daga baya Turawan Sifaniya da Fotugal suka ƙetara da ita nahiyar Amurka. Mu kuma mun daɗe da ita. Lamurjen da iyayenmu ke haɗawa da citta da kanumfari da tsamiya ko lemun tsami, shi ne 'yan zango a Gana ke sayarwa har yau da suna kusan iri ɗaya. A Yamai kuma akwai lemu hari, wato ruwan lemo da Zabarmanci.

Abu ɗaya nake so ku tafi da shi daga shirin yau: lemun tsami a ƙarshe ake matsa shi, da awo ake zuba shi, kuma ba ya son jira. In kun riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Bari in faɗa muku dalili.

ME KE CIKIN LEMUN TSAMI?

In ka yanka shi gida biyu, abubuwa uku ne a gabanka, kowanne da halinsa.

Na farko ruwan. Tsamin da ke cikinsa daga wani sinadari ne da ake kira sitirik asid, kuma ya kai wajen kashi 6 cikin 100 na ruwan. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, inda ruwan sha ke kan lamba 7, ruwan lemun tsami yana wajen 2 ne da 'yan kai. Duk sanda lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Sukarin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba a shan sa zalla kamar lemun zaƙi.

Na biyu koren ɓawon. A nan ƙamshin yake. In ka matsa ɓawon kusa da hancinka za ka ga wani ɗan feshi na tashi, to mai ne, kuma shi ne ke ba lemon kwalba mai ɗanɗanon lemun tsami ƙamshinsa. Yawancinmu mun matse ruwa mun jefar da ɓawo, alhali rabin daɗin a bola ya tafi.

Na uku farar fatar da ke ƙarƙashin koren, da kuma 'ya'yan. Nan ne gidan ɗaci.

Akwai tambayar da 'yan'uwa mata masu sana'ar zoɓo da lemon citta ke yawan yi: me ya sa na haɗa da daddare yana da daɗi, da safe na ɗanɗana ya yi ɗaci? Amsar ita ce, a cikin lemun akwai wani sinadari da ba shi da ɗaci muddin lemun na a rufe. Da zarar an matse, ya gauraya da tsamin, sai ya fara rikiɗa zuwa wani abu mai suna limonin, shi kuwa ɗaci gare shi sosai. A hankali yake faruwa cikin sa'o'i, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ga ƙamshin ma yana gudu in iska ta daɗe tana taɓa shi. Saboda haka wadda ta matsa lemun tsami a tukunyar zoɓo tana kan wuta, ta haɗa wa kanta matsala biyu: ta kori ƙamshi, ta gayyato ɗaci. Ga bitamin C da zafi ke lalatawa. Mai sana'a kuwa ta san roba 50 da kwastoma suka ce da ɗaci ba ƙaramar asara ba ce, wani ma ba zai sake saya ba.

Mafita: ki dafa zoɓonki ko cittarki da daddare, ki tace, ki sa sukari, ya huce ya kwana a sanyi. Da safe, dab da ƙullawa, sai ki matsa lemun tsamin. Ki cire 'ya'yan kafin su faɗa ciki, kuma kada ki murɗe ɓawon har farar fatar ta fashe. Sannan kada a bar abu mai tsami ya kwana a tukunyar dalma ko ta alminiyom, tsami na cin ƙarfen, sai ki ji abin shan yana ƙarni. Roba mai kyau ko kwalba ko kwanon silba mara tsatsa sun fi.

YADDA AKE ZAƁE

A kasuwa ku ɗauki wanda ya yi nauyi a hannu, fatarsa sumul mai sheƙi, in an ɗan danna yana lotsawa kaɗan. Mai kaushi mai tauri kamar dutse ba ruwa a cikinsa. Kada ku guji wanda ya fara komawa ruwan ɗorawa, nuna ce ya yi, ruwansa ya fi yawa, tsaminsa ya fi laushi. In ƙamshin ɓawo kuke so, shi ne za ku nemi kore shar. Kafin yankawa a wanke, a murza shi a kan faranti da tafin hannu, ruwa zai fi fita. Wanda aka ciro daga firji a bari ya sha iska tukuna.

AWO

Yauwa, mu zo kan awo, don a nan ake yawan ɓata abu. Kowane abin sha na lemun tsami, daga nan har Kuba, abu uku ake daidaitawa: tsami, zaƙi, da ruwa. Ƙaramin lemun tsaminmu guda ɗaya yakan ba da wajen cokalin cin abinci 1 na ruwa. Ga awon da nake amfani da shi a lita 1, wato ledar ruwa 2:

Lemun tsami 5
Sukari cokalin cin abinci 4
Gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka
Gogaggen koren ɓawon lemu 1

Ku lura da sukarin nan. Tsami yana ɓoye zaƙi. Shi ya sa za ka sha kwalbar lemo ba ka ji ya gundure ka ba, alhali kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 37, kusan cokalin shayi 9 ke nan. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wajen cokalin shayi 12 ga babba, in ma da hali a tsaya a 6. Kun ga kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini. Kuma kada wani ya ce ai na gida ne, ba komai. In ka matsa lemu 12 a lita ɗaya, dole ka juye sukari kafin ya shawu, ka dawo inda ka gudo ke nan. Dabarar ita ce a rage tsamin da zaƙin tare, a bar ƙamshin ɓawo da ɗan gishiri su cike gurbin. Awon da na ba ku sukarinsa kusan rabin na kwalba ne.

Gishirin me yake yi? Yana danne ɗaci, yana fito da zaƙi. Mutanen Indiya sun daɗe da sanin haka, abin shansu na zafi da suke kira nimbu pani lemun tsami ne da ruwa da sukari da gishiri. Ga shi kuma jiki na zubar da gishiri ta gumi. Sai dai wannan ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari na asibiti in mutum na gudawa, wancan awonsa daban.

Dabara biyu kafin mu shiga haɗe-haɗen. Ta farko, sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, kwanciya yake yi a ƙasan jog. Ku dafa kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya narke, ya huce, ku zuba a kwalba mai tsabta ku sa a firji. Da shi za ku riƙa zaƙaƙa komai. Ta biyu, ku goge koren ɓawon da ƙaramin magogi, sama-sama, da kun hango fari ku juya gefe. Ku zuba a kan sukari, ku murza da yatsu, ku rufe na minti 30. Sukarin zai tsotso man, ya yi danshi, ya yi ƙamshi. Wallahi in kuka gwada wannan sau ɗaya ba za ku sake jefar da ɓawo ba.

ABIN SHA

Kalmar da za ku yawan gani a intanet ita ce koktel. A ƙasashen Turai da Amurka, in an ce koktel ana nufin haɗin da ke da giya. Wanda babu giya shi ake kira moktel, kuma shi ne namu. Abin da ya sa na kawo maganar, yawancin shahararrun haɗe-haɗen nan lemun tsami ne ƙashin bayansu, in aka cire giyar daɗin na nan daram.

Mu fara da mohito, ɗan asalin birnin Habana na ƙasar Kuba. Nasu da giyar rake ake yi, namu ga shi: ganyen na'ana'a 8 zuwa 10 a kofin gilashi, cokali 2 na ruwan sukarin nan, ruwan lemun tsami 2. Ka ɗan danna ganyen da bayan cokali sau uku ko huɗu, ƙamshi kawai kake so ya fito. In ka dake shi kamar yajin daddawa zai yi ɗanɗanon ciyawa. Cika kofin da ƙanƙara, zuba ruwan soda mara zaƙi, juya sau ɗaya. In babu soda, ruwan sanyi ma ya yi.

Alhazai da masu zuwa Umra sun san lemun da na'ana'a na Saudiyya da Masar, koren nan da ake niƙawa a bilenda. Shi kuma ruwan lemun, ganyen na'ana'a ba tare da itacen ba, sukari, ruwa da ƙanƙara ake niƙawa tare. A sha nan take, don in ya jima koren zai dushe ya koma kalar ƙasa.

Na uku daga Barazil, suna ce masa lemon Suwizalan duk da cewa nasu ne. Shi da ɓawon gaba ɗaya ake niƙawa, a Sudan ma ana irin wannan. Wanke lemu 4 sosai, yanka kowanne gida huɗu, cire 'ya'yan da farin zaren tsakiya, don namu yana da 'ya'ya, nasu babu. Zuba a bilenda da ruwan sanyi kofi 4. Kunna ka kashe, kunna ka kashe, duka kada ya wuce daƙiƙa 15. Tace da rariya, mayar a bilenda, zuba madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, wadda ake kira kondens, cokali 4 zuwa 5, sa ƙanƙara, sake niƙawa. Zai fito fari da kumfa, ƙamshi kamar me. Amma fa wannan minti 15 zuwa 20 ne rayuwarsa. Sai baƙi sun zauna ake haɗa shi. In lokacin azumi ne, sai an kusa kiran sallar magariba.

Sai Chapman, ɗan gida Najeriya, sarkin biki. Yadda aka saba haɗa shi: Fanta, Sprite, jan sirof da ake kira girenadin, kokwamba, lemun tsami, ƙanƙara, da 'yan ɗigo na wata ƙaramar kwalba mai suna Angostura. A nan nake so ku buɗe kunne. Angostura ɗin nan, wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ne ya fara haɗa shi a 1824 a ƙasar Benezuwela, yanzu a Tirinidad ake yin sa, kuma kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ne. A rubuce yake a jikin kwalbar. Ɗigo kaɗan ake sawa, gaskiya ne, hukuncinsa kuma na malamai ne, amma mutane da yawa na sha ba su ma san da shi ba. In kun je gidan abinci ko wajen biki kuna da damar tambaya. A gida kuwa ba ku buƙatar sa. Aikinsa ɗan ɗaci da ƙamshin kayan yaji ne, kuma muna da su. Ku dafa zoɓo mai kauri da kanumfari 5 da 'yar citta, ku sauke, ku jefa ɓawon lemun zaƙi a ciki na minti 10, ku tace. Wannan zai ba ku ja, ya ba ku ƙamshi, ya ba ku ɗan ɗacin, kun huta da sayen girenadin ma. Rabin kofi na wannan, Fanta 1, Sprite 1, lemun tsami 2, yankakkiyar kokwamba, ƙanƙara. Kada a ƙara sukari, wanda ke cikin kwalaben ya isa har ya yi yawa.

Tun da mun ambaci zoɓo, ga wani abin sha'awa. Jan zoɓo daga wani sinadari ne mai canza launi gwargwadon tsami. In kin matsa lemun tsami za ki ga ya ƙara ja, ya yi haske. In kin sa kanwa don kashe tsami, sai ya yi duhu ya nufi baƙi-baƙi. Sai dai zoɓo da kansa yana da tsami, don haka lemu 2 sun ishi lita ɗaya, kuma ɓawon ya fi ruwan amfani a nan. Haka tsamiya.

Na ƙarshe, mafi sauƙi: kankana. Kankana zaƙi ne da ruwa kawai, shi ya sa in an niƙa ta ita kaɗai sai ka ji salam. Kofi 4 na yankakkiyar kankana, lemun tsami 2, ɗan gishiri, babu sukari ko ɗaya. Haka abarba da citta, haka mangwaro. Duk ɗan itacen da zaƙinsa ya yi yawa, lemun tsami ne ke tashe shi.

KAYAN ZAƘI

Wani zai ce, madara da lemun tsami? Ai tsinkewa za ta yi. Gaskiya ne, kuma duk mai yin awara ta san haka, da ruwan tsami take sa madarar waken suya ta dunƙule. A madarar shanu akwai furotin mai suna kesin, in tsami ya sauko zuwa wajen 4.6 a ma'aunin da na faɗa, sai ya harhaɗe. Haka nono ke zama kindirmo, sai dai shi ƙwayoyin halitta ne ke samar da tsamin a hankali. To ita madarar kondens an riga an ƙone mata ruwa mai yawa, an cika ta da sukari. In tsami ya shige ta ba ta yin gudaji, kauri take yi sumul kamar kirim. Kun ga ke nan za a iya yin kayan zaƙi ba tare da an kunna wuta ba, abin da kowa ke so a wannan zafin.

A jihar Fulorida ta Amurka akwai wasu tsibirai da ake kira Keys, can aka san wani kek mai suna Key lime pie, har a 2006 jihar ta ayyana shi a matsayin nata a hukumance. Madarar kondens ce, da gwaiduwar ƙwai, da ruwan lemun tsami, a kan dakakken biskit. Ita madarar wani Ba'amurke mai suna Gail Borden ne ya yi rajistar hanyar yin ta a 1856, ta kuma samu karɓuwa a wuraren da babu firji, don ba ta lalacewa a gwangwani. Abin da zai ba ku dariya, lemun da suke alfahari da shi, ƙaramin nan mai 'ya'ya mai ƙamshi, irin wanda ke kasuwanninmu ne. A can shi ne na musamman, manyan marasa 'ya'ya su ne gama-gari. Mai son gwadawa ya gasa shi na kamar minti 15 saboda ɗanyen ƙwai.

Wanda na fi ba ku shawara shi ne na ƙasar Meziko, suna ce masa karlota. Babu ƙwai, babu gashi.

Madarar kondens babban gwangwani 1
Madarar ruwa irin su Peak ƙananan gwangwani 2
Ruwan lemun tsami rabin kofi, wajen lemu 8
Biskit mara kirim, irin su kabin, fakiti 2
Gogaggen ɓawo

Ki haɗa madarar biyu, ki riƙa zuba ruwan lemun a hankali kina juyawa. Cikin minti ɗaya za ki ga ya yi kauri a gaban idonki. Ki shimfiɗa biskit a kwano mai murfi, ki zuba haɗin a kai, ki sake jera biskit, ki sake zubawa, har ya ƙare. Barbaɗa ɓawon a sama, rufe, sa a firji aƙalla sa'a 4. Biskit ɗin zai sha madara ya yi laushi kamar kek. A nan jira ba ya cutarwa sosai, don kitse da sukarin madarar suna rufe ɗacin, amma a cinye cikin kwana 2. Yanki kaɗan ya isa, zaƙinsa ba na wasa ba ne. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, a sa a kula da ƙanƙara. Abin madara bai kamata ya wuce sa'a 1 a waje ba in zafi ya haura digiri 32.

Mai firiza kuma ga giranita, 'yar tsibirin Sisili na Italiya. Haɗin kankanar ɗazu, ƙara cokali 2 na ruwan sukari, zuba a faffaɗan kwano, sa a firiza. Duk bayan minti 40 ka fito da shi ka kankare da cokali mai yatsu, sau uku ko huɗu, har ya zama kamar garin ƙanƙara. Abin da za a daskarar a ƙara masa zaƙi kaɗan, don harshe ba ya jin zaƙi sosai in abu ya yi sanyi ƙwarai. In yara ne a gidan, ƙulla a leda kawai a daskarar, an gama.

Sai haɗin 'ya'yan itace. Gwanda da lemun tsami kamar an halicce su don juna ne, yana kashe ɗan warin nan da ke sa wasu ƙin ta. Ayaba da tuffa da fiya kuwa, in an yanka suna yin baƙi saboda iska ta taɓa su. Tsami da bitamin C na rage saurin hakan, don haka da an yanka a matsa musu. Ko kindirmo mai sanyi da zuma da ɗan gogaggen ɓawo, ba tare da ruwan ba. Amma jaririn da bai kai shekara 1 ba, ba a ba shi zuma.

AJIYA

Kowa ya san da azumi ya matso lemun tsami ke tsada. In kun same shi da araha, ku matse, ku tace, ku zuba a farantin yin ƙanƙara ku daskarar nan take. Sanyin firiza na tsayar da ɗacin, kowane ƙwaya ɗaya kuma kamar lemu ɗaya ne. Wanda ba a yanka ba, a ƙulle a leda a sa a firji, zai yi makonni. Inda babu wuta akwai dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwan da ke tsotsewa daga yashin yana fita da zafi, cikin tukunyar ya yi sanyi.

A KIYAYE

Haƙori. Farin rufin haƙori yana fara zaizayewa in tsami ya sauko ƙasa da 5.5, lemun tsami kuwa mun ce wajen 2 yake. Kada a wuni ana kurɓa kaɗan-kaɗan. A sha, a kurkure baki da ruwa, a jira minti 30 kafin a goge da buroshi ko asuwaki.

Fata. Wannan ga 'yan mata musamman, masu shafa lemun tsami a fuska don haske ko ƙuraje. A cikinsa, musamman ɓawon, akwai sinadaran da in sun zauna a fata rana ta doke su, suna ƙona ta, har ta yi ƙuna da bororo, ta bar baƙin tabo na watanni. Ko matsa kawai kika yi, wanke hannu da sabulu kafin ki fita rana.

Ciki. Mai olsa ko ƙwannafi ya lura da jikinsa, musamman a buɗa-baki da ciki wayam. A fara da dabino da ruwa. Maganar cewa lemun tsami da ruwan ɗumi na narkar da tumbi kuwa, babu abin sha da ke narkar da kitse. In ka bar lemon kwalba ka koma wannan mai ƙarancin sukari, to a nan ne ribar take.

Ƙanƙara. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kuma kada a dogara da lemun tsami ya tsabtace ruwan da ba a yarda da shi ba. Ƙanƙarar buhu da ba ku san ruwanta ba, ku sa ta a kula ta sanyaya robobi daga waje. Wadda za ta shiga kofi, ta ruwan da za ku iya sha ce.

To jama'a, a nan za mu dakata. Aikin gida na wannan makon: ku matse lemu ɗaya yau ku rufe ku ajiye, gobe ku matse sabo, ku ɗanɗana su biyun a jere. Harshenku zai yi muku bayanin da ya fi nawa. Wanda ya gwada karlota ya ba mu labarin yadda ta kaya, kuma ku tura wa 'yar'uwar da kuka sani tana sana'ar zoɓo. Allah ya kawo mana damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.